Yadda Aka Binne Illiya

Tun daga gaisuwar mutuwa Salamatu ta fara jin akwai abin da ba a faɗa mata ba.

Ta daɗe a Agadez, ta san yadda maƙwabtanta Musulmi ke yi wa Kirista ta'aziyya. Ba su ƙin zuwa. Sukan zo su zauna a tabarma, su ce sai haƙuri, Allah ya ba da dangana, Allah ya raya abin da aka bari, nan kuma suke tsayawa. Ba su roƙa wa mamacin gafara, ita ma ba ta taɓa jin haushin haka ba, don ta san kowa da abin da aka koya masa. To amma da labari ya zo cewa mijinta Illiya ya rasu a hanyar Sahara tsakanin Segedin da Dirku, an kuma binne shi can, sai matan unguwar Dagmanet suka riƙa shigowa suna cewa Allah ya jiƙan shi, Allah ya gafarta masa, Allah ya sa Aljanna ce makoma. Wasu ma in sun faɗa sai su dube ta da wani irin sakin fuska, kamar suna jiran ta ce wani abu.

Ita da Illiya mutanen Tsibiri ne ta wajen Maradi, Kiristoci tun iyaye. Neman abinci ya kawo su arewa. Ita tana ɗinki a gida, shi kuma makanike ne, yana bin motar wani direba mai suna Mourtala duk lokacin da ayari ya tashi zuwa Kawar. Mourtala na tuƙi, Illiya na kula da inji da ƙafafu, haka suka yi shekaru. Abin da aka gaya mata shi ne sun tsaya canjin ƙafa a hanyar dawowa, ƙarfen da ke ɗage motar ya zame cikin rairayi, mota ta danne wa Illiya ƙirji. Bai daɗe ba ya cika.

Sai da jama'a ta ragu da la'asar, Hajiya Habsa, mai gidan da suke haya, ta matso kusa da ita ta kama hannunta.

"Ɗiyata, ki yi kuka, amma ki haɗa da godiya. Ba kowa ke samun irin wagga cikawa ba."

"Wace cikawa, Hajiya?"

"Au, ba a hwaɗa miki ba? Mijinki da kalmar shahada ya tahi. Mourtala ya laƙƙana mai, ya amsa. An yi mai salla, an kwantar da shi yana kallon gabas. Alkasum mai dabino yana cikin motar, da idonai ya gani."

Kada a ɗauki Hajiya Habsa a matsayin muguwa. Tsohuwar tana son Illiya, shi ke gyara mata famfo da ƙofa ba ya karɓar komai, kuma a wajenta babu albishir da ya kai wannan. Ta kawo shi ne da zuciya ɗaya, kamar yadda ake kai wa mai jego kunu. Salamatu kuwa ji ta yi mijinta ya sake mutuwa a hannunta. Da safe tana kuka ne da sanin inda ya tafi, da sa ran wata rana za su haɗu a gaban Ubangijin da suka durƙusa wa tare tun aurensu. Yanzu an zare mata wannan, an bar ta da kukan kawai. Ta zare hannunta a hankali ta ce za ta ɗan kwanta.

Kafin gari ya waye maganar ta isa majami'arsu, don a Agadez labari ba ya jiran ayari. Matan zumunta sun ci gaba da zuwa, sun kawo shinkafa da itace, sun rera waƙoƙi a tsakar gida. Sai dai Salamatu ta lura in ta shigo ana magana, sai a koma zancen tsadar albasa. Jamila matar fasto, wadda ba ta iya riƙe tambaya a ciki, ta taya ta wanke kwanoni don kawai ta samu ta ce, "Shi Baban Fulera, kwanan nan ba ki ga wani canji gare shi ba?"

Fulera ita ce 'yarsu ɗaya, tana karatu a Maradi. Ta zo ta yi kwanakin makoki ta koma, ba wanda ya yi ƙarfin halin gaya mata.

Shi kansa Fasto Hassane, da Salamatu ta je a tsayar da ranar da za a yi wa Illiya sujadar tunawa, tunda babu gawar da za a kai makabarta, sai ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya sake cirewa.

"'Yar'uwa, ba ƙi muka yi ba. Amma dattawan ikilisiya sun ce a ɗan dakata. In mutum ya hita daga addini da bakinai, mu kuma muka tsaya gaban jama'a muka ce namu ne, za a ce muna jayayya da gawa. Kin san zaman da muke yi a garin nan. Mu bincika tukuna."

Ta ce to. A hanyar gida ta ji haushinsa ƙwarai, ta ji haushin dattawan, waɗanda rabinsu Illiya ya tayar musu da babura kyauta. Amma abin da ya fi ci mata rai shi ne ita ma ta fara binciken, kuma mamacin take bincika.

Zargi mugun baƙo ne, in ya shiga ɗaki sai ya buɗe kowane kwano. Ta tuna Illiya ba ya cin abinci da rana in suna hanya cikin azumi, yana cewa ba ya iya tauna a gaban mai ƙishirwa. Da ta ɗauka kirki ne. Ta tuna Lahadin da ya riƙa tsallakewa yana cewa dole a shirya mota kafin ayari ya tashi. Ta tuna yadda ya iya gaisuwar malamai, da yadda yake tsayar da aiki in an kira salla don yaran garaji su tafi. Har aljihunan rigunansa ta zazzage tana neman carbi. Ba ta samu komai ba sai ƙusoshi da ɓawon goro, ta zauna a bakin gado tana jin kunyar kanta, kuma duk da kunyar zuciyarta ba ta kwanta ba. Mutumin da ke yin rabin shekara a hanya, wa ya san abin da yake zama a can?

In ta gaji da zargin Illiya sai ta koma kan Mourtala, kuma nan ta fi samun abin kamawa. Mutumin da ya saba shigowa har tsakar gida yana tsokanarta a kan yajin miyarta, ranar gaisuwa a ƙofar gida ya tsaya cikin maza, ya tafi ba su haɗa ido ba. In ta kira wayarsa ba ya ɗauka. Sau ɗaya ta hango shi a bakin titi, shi ma ya hango ta, sai ya faɗa wani shagon da ba a sayar da komai sai kayan mata. Akwatin kayan aikin Illiya ma ɗan kabu-kabu ya ba ya kawo. Ta san akwatin nan kamar tukunyarta. A bisa murfinsa Illiya kan ɗaure babban ƙarfen kwance ƙafar mota, mai hannu huɗu, da igiyar roba. Igiyar na nan, ƙarfen babu.

Ta riƙa jujjuya abin. Mourtala ɗan liman ne, kowa ya sani. Ko ya ga mutum a danne, numfashi na fita, ya matsa masa har ya faɗi abin da bai yi niyya ba? Ko Illiya bai ce komai ba, Mourtala ya ƙaga don a yabe shi? Ko kuwa akwai abin da ya faru wajen ɗaga motar nan wanda ake rufewa da zancen shahada, don kowa ya shagala da murna a bar tambaya? Kowace amsa ta ɗauka sai ta ga ta fi ta baya muni.

Ta yafa mayafi ta tafi kasuwa neman Alkasum. Ta same shi zaune tsakanin buhunan dabino, dattijo mai faɗin fuska, yana korar ƙudaje da kwali. Ya yi mata gaisuwa mai tsawo, ya cika mata leda da dabino, ta bari sai da ya gama.

"Alhaji, tambaya gare ni. Kai ka ji da kunnenka?"

"Mi?"

"Abin da mijina ya hwaɗa."

Alkasum ya ajiye kwalin. Mutum ne mai son a ce ya san labari, amma ba ya son rantsuwa a kan ƙarya.

"To, ji dai ban ji ba. Iska na tashi, mu kuma muna can muna ta ƙoƙarin tallabe mota. Amma na ga Mourtala ya duƙa bisa kunnenai, na ga bakin mijinki na motsi. Bayan nan Mourtala ya yi mai taimama, ya naɗe shi da rawaninai, ya tsaya ya ɗaga hannu ya yi kabbara. Mu ma muka bi bayanai. Madam, yaron nan ɗan malamai ne. Kina ganin zai sallaci wanda bai yi shahada ba?"

"Kun tambaye shi?"

"Wa zai tambayi mutum yana kuka? Ko da muka gama muka hau mota, sai da ya sake komawa wajen kabarin shi ɗaya, bayan tudu, ya daɗe. Mun ƙyale shi."

"Da ya koma, yana riƙe da wani abu?"

"Ban lura ba."

Ta dawo gida da dabinon da ba ta iya ci ba. Babu wanda ya ji, ke nan, sai mutum ɗaya, shi kuma yana gudunta.

A duk kwanakin nan Salamatu ba ta yi addu'a ba. Takan durƙusa da safe don sabo, ta rufe ido, sai ta tarar tana yi wa Mourtala tambayoyi a zuci. In matan zumunta suka ce a sunkuyar da kai, takan sunkuyar, amma kunnenta na kan wadda za ta ambaci sunan Illiya da wadda za ta kauce masa. Abin da ta fi tsoro shi ne ta roƙi Allah ya nuna mata gaskiya, ya kuma nuna mata.

Ranar wata Asabar da hantsi ta ɗauki tsintsiya ta tafi majami'a. An ɗauke mata sharar saboda makoki, amma zaman ɗaki ya ishe ta. Ginin ƙarami ne, na ƙasa da rufin kwano, ba kowa ciki sai zafi da bencina. Ta share gaba, ta share tsakiya, ta zo layin maza na baya, kusa da ƙofa, inda Illiya kan zauna don in barci ya ɗauke shi cikin wa'azi kada fasto ya gani. Nan ta ajiye tsintsiyar. Ta zauna a ƙasa, ta jingina da bencin.

Abin da ya fito daga bakinta bai yi kama da addu'ar da ake koya wa yara ba. Faɗa ta yi.

"Ya Uba, ka ɗauke shi ban hana ka ba, ba ni da ikon hanawa. Amma don mi za ka bar ni cikin duhu? Kowa na da labari a kan mijina, ni da na zauna da shi ba ni da ko ɗaya. Na zarge shi, ka gani. Na zazzage aljihunai kamar ɓarawo. Ina jin haushin bawanka fasto, ina jin haushin Hajiya, Mourtala kuwa ban san abin da nike so ya same shi ba. Ga ni nan, haka nike, ban da wata."

Ta yi kuka sosai, irin wanda ba ta samu yi a gaban 'yan gaisuwa ba. Da kukan ya lafa, ta zauna tana jin kwanon rufi na ƙara saboda rana. Ba ta ji wata murya ba, ba ta ga wani haske ba. Tunani ɗaya ne ya zo mata, mai sauƙi har ta yi mamakin yadda bai zo tun farko ba. Tana ta neman wanda ya ji maganar Illiya ta ƙarshe, alhali akwai wanda yake wurin tun kafin Mourtala ya duƙa, wanda iska ba ta hana shi ji. Yesun da Illiya ya bi tun yana yaro bai tsaya a Agadez ya bar shi ya shiga Sahara shi kaɗai ba. Ya ga nauyin da ke kan ƙirjin nan, ya san abin da zafi da tsoro ke sa bakin mutum ya yi, ya kuma san zuciyar da ke ƙarƙashi. Ba Alkasum zai yi wa Illiya shari'a ba, ba dattawan ikilisiya ba, ba ita ba.

"Na ba ka shi," ta ce. "Ko mi ya hwaɗa, kai ka ji. Ka riƙe shi, ni na gaji da riƙo."

Tambayar ba ta tafi ba. Har yanzu tana so ta sani, so mai tsanani. Amma tsoron amsar ya sake ta, ta ji numfashinta na kaiwa har ƙasa. Kafin ta tashi ta yi abin da ba ta zata za ta iya ba, ta roƙa wa Mourtala sauƙi, ko mene ne yake ɗauke da shi. Sannan ta ƙarasa sharar, don ba ta son a ce ta bar aiki rabi.

Ranar Litinin da safe ta tafi garajin da Mourtala ke ajiye mota, can bakin gari. Ta zaɓi lokacin da ta san ba ya iya gudu, yana kwance ƙarƙashin motar ƙafafunsa kaɗai ke waje. Ta tsaya ta yi sallama. Ƙafafun suka daina motsi. Da ya fito ta kusa kasa gane shi, ya rame, idanunsa sun faɗa.

"Maman Fulera."

"Malam Mourtala, ban zo da hwaɗa ba. Da na zo makon jiya, da da shi na zo. Ka ba ni abin da ke nawa kawai. Kai kaɗai ka ji shi."

Ya dubi masu aiki a ɗaya gefen, ya ja mata wani tsohon benci zuwa inuwar bango inda ba mai jin su. Shi ya tsuguna a ƙasa, yana murza tsumma a hannu. 

"Da na ga ba zai tashi ba," ya fara, "sai na duƙa na fara hwaɗa mai kalma. Wallahi ban yi shawara ba. Haka aka yi ma kakana, haka na ga ana yi ma kowa, bakina ne ya tahi da kanai. Sai ya kama mini hannu nan." Ya nuna wuyan hannunsa. "Ya ce, Mourtala, bar ni da nawa."

Salamatu ta riƙe bakin bencin.

"Sai na yi shiru. Shi ya ci gaba. Yana kiran Yesu, yana cewa ya karɓe shi. Ya kira sunanki, ya kira Fulera, ya ce a tsare ku. Har ni ya sa ciki. Ya ce kada a bar ni in ɗora ma kaina, don ni na kafa ƙarfen ɗaga motar, shi kuma ya ce mini wurin ya yi taushi ban ji ba. Yana cikin haka maganar ta yanke. Bai hwaɗi wani abu ba bayan wannan, Allah shi ne shaidata."

Ta rufe fuska da mayafi. Hawayen da suka zo masu sanyi ne, ta bar su suka zuba. Illiyanta ne, shi ɗin dai, har da yi wa wani addu'a mota na bisa ƙirjinsa.

"To sallar fa?" ta tambaya da ta samu murya.

"Maman Fulera, mi zan yi? Ga shi kwance. Ba fasto, ba waya, rana na dukanmu. In haƙa rami in tura shi kamar raƙumin da ya mutu? Mutumin da muka sha ruwa a murfin jarka ɗaya? Ni hanya ɗaya na sani ta binne mutum, ita na yi mai. Na tsaya ni ɗaya, ban kira kowa ba. Da na waiga sai na ga su Alkasum sun yi sahu bayana."

Ya share fuska da tsumman, ya bar baƙin mai a goshi.

"Da muka hau mota sai raina ya ƙi. Na ce na yi mai nawa, nashi fa? Na ɗauki kilen ƙahwa na bisa akwatinai, ƙarfen nan mai hannu huɗu, na koma. In ka kafa shi tsaye yana kama da alamar da ke bisa ƙofar egiliz ɗinku, inda kuke sujada. Na kafa shi wajen kanai, na tara duwatsu na danne. Haka muka taho har Dirku ba abin kwance ƙahwa, da wata ta hwashe da mun kwana nan. Ban gaya ma kowa ba."

Salamatu ta dube shi. Wannan ne mutumin da ta yi kwanaki tana auna ko ɓarawo ne, ko maƙaryaci, ko abin da ya fi haka.

"Don mi ba ka ƙaryata zancen ba?"

"Kafin in iso gida labari ya riga ni. Babana ya tarbe ni ƙofar masallaci, gaban mutane, ya rungume ni yana hawaye, wai Allah ya shiryi mutum ta hannun ɗanai. Tsoho ne, tun da nike bai taɓa rungumata ba. In ce mai a'a? In ce na sallaci Kirista da sanina, na ja mutane suka bi ni, na kuma kafa gicciye da hannuna? Sai na yi shiru. Na ce ma raina ai ke ma zai yi miki amfani, unguwa za ta ƙara riƙe ki. Da na ji an hana yi mai addu'a a egiliz, na gane ɓarnar da na yi. Shi ya sa ba ni iya kallonki."

Ya ɗago kai karo na farko.

"Akwai abin da ke hana ni barci. Ke kin san addininku. Yadda na kwantar da shi yana kallon gabas, da sallar da na yi bisa kanai, ban ɓata mai ba? Ba za a mayar da shi ba saboda ni?"

Ita da ta zo neman a kwantar mata da hankali, sai ga shi ita ake roƙo. Tausayinsa ya kama ta.

"Malam Mourtala, wanda Illiya ya kira ba ya duba inda fuskar gawa ke kallo. Ya riga ya karɓe shi tun kana riƙe da hannunai. Ba ka ɓata komai ba. Ka suturta shi, Allah ya suturta ka."

Mourtala ya kifa kai bisa gwiwa, kafaɗunsa na rawa. Ta jira shi. Da ya natsu ya ce, muryarsa a ƙasa, "In kina so in tahi gaban fastonku in hwaɗa, zan tahi. Babana zai ji, amma zan tahi."

Ta so ta ce e. Ta hango fuskar Jamila, ta hango dattawan nan suna sunkuyar da kai, ta hango sunan mijinta an wanke shi tas a gaban kowa, kuma abin ya yi mata daɗi. Sannan ta hango wani tsoho a ƙofar masallaci, da abin da garin zai yi da ɗansa.

"Ka zauna," ta ce. "Abin da na zo nema na samu."

Daga garajin ba ta biya gida ba, gidan fasto ta wuce. Ta same shi a zaure yana shan shayi, Jamila na tsintar shinkafa a gefe. Bayan gaisuwa ta ce ta zo a sa ranar sujadar Illiya.

"'Yar'uwa, ai mun ce sai an bincika."

"Na bincika, Baba Fasto. Mijina ya cika cikin bangaskiyarsa."

"Wa ya hwaɗa miki?" Jamila ta yi saurin tambaya, ta ajiye tiren. "Zai zo ya maimaita gaban dattawa?"

"Ba zai zo ba, ni ma ba zan kira suna ba."

"Ke nan maganarki kaɗai za a ɗauka? Kin san mutane ba za su bar zancen ba."

"Na sani. Su yi ta yi. In ikilisiya ta ga ba ta iyawa, ba zan yi fushi ba, zan yi mai waƙa ni da ɗiyata cikin ɗakinmu. Amma ku ya kamata ku yi, naku ne."

Fasto Hassane ya daɗe yana kallonta. Ya ga matar nan ranar da ta zo da ido a bushe tana kallon kowa a kaikaice, yana kuma ganinta yanzu. Ba yaro ba ne, ya san mutum nawa ne suka duƙa kan Illiya a Sahara, ya kuma san abin da kiran suna zai jawo. Da Jamila ta buɗe baki za ta ƙara, sai ya ɗaga mata hannu.

"Lahadi mai zuwa," ya ce. "Dattawa ki bar ni da su. Ki kira Fulera ta taho. Amma jama'a za su sa kunne su ji abin da zan ce game da ƙarshenai. Mi kike so in hwaɗa?"

"Ka ce ya tahi yana kiran Ubangijinai. Ka ce kuma ɗan'uwanai ne ya binne shi."

"Illiya ba ya da ɗan'uwa a arewa, 'yar'uwa. Danginku duk suna Tsibiri."

Salamatu ta gyara mayafinta ta miƙe.

"Yana da shi," ta ce.